Gwaggo, Baffa da Maganin da Ba Ya Ɓatan Hanya

Tun da na koma makaranta ban huta da tambaya ba. Zuwaira tana so ta ji ko na hau dalar Fir'auna, Rabi kuma tana so ta ji ko da gaske matan Misra duk farare ne kamar na talabijin. In suka kewaye ni lokacin hutun tara sai bakina ya mutu, in ce musu lafiya lau muka je muka dawo, su yi tsaki su watse. Shi ya sa na ce bari in rubuta, kowa ta karanta da kanta. Dala dai ban hau ba. Sau ɗaya na hango ta ta tagar tasi, tsakanin wani bene da allon tallan sabulu.

Ba yawon buɗe ido muka je ba. Gwaggo Asabe muka kai asibiti, yayar babanmu, wadda ɗakinta ke kallon namu a gidanmu na Kabara. Kansar mama ce ta kama ta. Na rubuta sunan ciwon ne don takarda ce, amma a gidanmu ba a faɗarsa, sai dai a rage murya a ce "larurar nan". Gwaggo ɗinkin hula take yi tun kafin a haife ni. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna nesa, yatsunta su ne cinta da shanta, su ne kuma girmanta a unguwa, don ango yakan jira wata uku ya sa hular hannunta. Sunan mahaifiyarsu na ci, don haka ba ta kiran sunana, sai dai ta ce Uwata.

Maganin da aka fara yi mata a Kano jikinta ya ƙi shi, sai likita ya ce akwai wani iri da za a iya samu a Alƙahira. Dangi suka yi karo-karo. Aka naɗa Baffa Sabi'u, ƙanen babanmu, jagoran tafiya, saboda ya je Umara sau biyu, kuma tun daga lokacin ko Zariya mutum zai je sai Baffa ya ba shi shawara. Ni kuma aka haɗa da ni don girki da wanki da cuɗa baya, tunda an yi dogon hutu. Ba wanda ya tuna ina jin Turanci. Ni ma ban tuna musu ba.

Ranar tafiya gidanmu ya cika kamar ana suna. An gaya wa matan unguwa cewa a Misra ba a cin komai sai burodi, don haka kowace ta zo da ƙulli: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, man shanu a galan. Kowace kuma ta zo da saƙon abaya ko turare. Wata tsohuwa ta ce in mun haɗu da jikanta da ke karatu a Sudan mu gaishe shi, Baffa ya ce in sha Allahu. Kayan Gwaggo na kanta kaɗan ne: zannuwa, carbi, gwangwanin alawa da take ajiye allura da zare, sai huluna huɗu da aka zana ba a ɗinka ba.

Lungunmu mota ba ta shiga, sai da aka yi jerin gwano da jakunkuna zuwa titi, muka cika adaidaita uku. A filin jirgi Baffa ya karɓe fasfo ɗinmu ya zuba a aljihun gaba, ya ce kada wadda ta yi magana da kowa, shi zai yi. Sikeli ya ce kayanmu sun yi yawa. Aka buɗe jakunkuna a gaban jama'a, man shanu ya koma gida tare da 'yan rakiya. A cikin jirgi Gwaggo ta samu kujerar taga, ta ja murfin ta rufe, ta ce ba ta da bukatar ganin abin da ba a halicce ta don ta gani ba.

Da muka sauka, Baffa ya tari jami'in shige da fice da Larabcin littafi, mai wasali a ƙarshen kowace kalma. Mutumin ya saurare shi cikin ladabi kamar mai jin wa'azi, da ya gama sai ya amsa masa da Turanci. Wajen kwastan ne aka daɗe. Wani ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya, ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku. Baffa ya rantse musu da harshe uku cewa abinci ne. Da ya ga ba su yarda ba ya gutsura ya jefa a baki, ya tauna yana kallonsu. Suka tausaya masa, amma suka riƙe daddawar. Gwaggo ta ce Allah sarki, ashe haka bayin Allah suke shan miya salam.

Masaukinmu a hawa na tara yake. Ana hawa ne da wani lif mai ƙofar ƙarfe kamar kejin kaji, Gwaggo ba ta shiga sai ta yi addu'ar hawa abin hawa. Abin da ya fi damunta shi ne yadda mutane ke kwana a saman kan juna ba tsakar gida. Ta yi ta tambaya ina suke shanya, ina suke yanka rago da Sallah. Ni abin da ya burge ni kwando ne. Matar da ke kusa da mu ba ta sauka sayen komai. Sai ta leƙo ta baranda ta ƙwala wa mai burodi kira, ta zura kwando da igiya, ta jawo. Na ce a raina da a Kabara ne, kafin kwandon ya kai ƙasa an sa masa saƙo uku da katin biki.

Da safe wake suke ci, dafaffe har ya narke, da mai da lemon tsami. Akwai wani abincinsu da ake haɗa shinkafa da taliya da makaroni da ƙananan wake a kwano ɗaya, Gwaggo ta ce wannan ragowar kwana uku ce aka tara wa baƙo. Miyar lalo kuwa suna yinta, har sun fi mu sonta, amma da shinkafa suke ci, kuma tafarnuwar da ke ciki ta isa maganin mura na gida guda. Shayi baƙi ne wuluk, a ɗan ƙaramin kofin gilashi mara hannu.

Amma babban abin da ya bambanta mu da su a ɗakin jira na asibiti na gan shi. Matan can ba sa ɓoye ciwo. Mace za ta zauna kusa da wadda ba ta taɓa gani ba, ta lissafa mata amai da zawo da rashin barci da babbar murya, har ta ɗaga mayafi ta nuna inda aka yanka. In likita ta tambaye ta jiki, sai ta gyara zama. Gwaggo ta kalle su ta ce mini a hankali, waɗannan ko kunyar Ubangiji ba sa ji. Mu dai kun san yadda muke. Ko mutum yana kan gargara, in aka ce ya jiki, amsa ɗaya ce: da sauƙi. Faɗin wani abu ban da wannan kamar kai ƙarar Allah ne wajen mutane.

Likitar mace ce, gajeriya, mai tabarau a rataye da igiya. Ta ɗauki takarda ta yi mana zane, tana bayani da Turanci. Ta ce maganin kansa dafi ne, in an sa shi a jini yakan bi ko'ina. Wannan kuwa an ƙunshe shi ne a cikin wasu ƙwayoyi da ake kira nano, ƙanana ƙwarai, waɗanda ko ƙwayar jini ta fi su girma nesa ba kusa ba. Hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙullutun kansa ba su da kyan gini, suna yoyo, kamar tsohuwar rariya da idanunta suka buɗe. Ƙwayoyin sai su fi zurarewa ta nan su taru a ƙullutun, su saki maganin a can. Misalin rariyar nawa ne, ita ba ta ce haka ba, amma abin da ta zana ke nan. Sannan ta ajiye biro ta ce mu ji da kyau: yawanci ne ke zuwa inda ake so, ba duka ba. Wani yana taɓa jijiyoyin yatsun hannu da na ƙafa. In Gwaggo ta fara jin kamar ana tsira mata allura, ko yatsu suka fara mutuwa, a gaya mata nan da nan, don in an bari ya yi nisa ba lalle su dawo ba.

Baffa ya yi ta gyaɗa kai. Da ya juyo zai fassara wa Gwaggo, sai ya ce, "Yaya, ta ce maganin nan yana da adireshi. Kai tsaye yake zuwa wajen larurar, ba ya ɓatan hanya." Zancen yatsu kuwa ya taƙaita shi da cewa in ta ji wani abu ta faɗa. Ina zaune a kujerar bakin ƙofa riƙe da jakar Gwaggo. Na ji duka, ban gyara masa ba.

Da aka kawo maganin ran Baffa ya ɓaci. 'Yar ƙaramar leda ce, ruwan ciki fari-fari kamar madarar da aka tsinka, cikin rabin awa ya ƙare. Shi a saninsa ƙarin ruwa na gaske rawaya ne, kuma yini ake yi ana sa shi. Ya ɗaga ledar ya duba a hasken taga ko zai ga ƙwayoyin. Ya tambayi nas ko ba su da mai manyan ƙwayoyi, don mu daga nesa muka zo. Amma da ya kira gida a waya sai labari ya canja. Ina ji yana gaya wa mutanen majalisarsu cewa maganin ya fi ɗan aike sanin lungu, in ya shiga jiki ba ya ko gaisawa da kowa a hanya.

Sati-sati ake sa mata. Tsakanin nan muna gida, ina girki, Baffa yana yawon kasuwa neman abayoyin mutane, Gwaggo tana zaune a baranda tana ɗinki. Gashinta ya zube a sati na uku, ta ɗaura ɗankwali ta ce dama kitso ya ishe ta. Hula ta farko ta gama ta, matar kwando ta karɓa ta juya ta ciki da waje, ta kira 'yan'uwanta su gani.

A hula ta biyu na fara lura. Gwaggo da ke sa zare a allura tana hira ba ta ko kallo, sai ta fara miƙo mini, ta ce hasken Misra ba shi da kyau. Kofin shayi ya suɓuce mata sau biyu, ta ce laifin wanda ya yi kofi ba hannu ne. Wata rana za mu fita, takalminta ɗaya ya cire a bakin lif, ta yi taku uku ba ta sani ba. Wata rana kuma ta ɗauki murfin tukunya daga kan wuta da hannu, ta ajiye a hankali, sai daga baya ta duba yatsunta. In ta zaci ba na kallo, sai ta riƙa murza babban yatsa da manuni a kan zaninta kamar mai goge wani abu.

Na tambaye ta sau ɗaya, muna mu biyu. Ta ce in kula da tukunyata. Can kuma ta ce dangi sun ƙuntata wa kansu sun kawo ta nan, ba za ta zama wadda za a ce ta kasa jure magani ba, kuma likitar nan tana iya ƙoƙarinta, ba a saka wa mai ƙoƙari da ƙorafi. Na gwada gaya wa Baffa. Na tsaya a bayansa yana lissafa abayoyi a kan gado, na ce Baffa, yatsun Gwaggo. Ya ce sanyin tayil ne, in saya mata safa, maganin nan ba ruwansa da yatsu, ai da kunnena na ji.

Ranar asibiti ta zo. Likitar ta tambayi yatsu, Gwaggo ta ce da sauƙi, Baffa ya ce da Turanci lafiyarta ƙalau, aka sa magani. Na buɗe baki, na rufe. Ku da kuka san ni a aji kun san ko amsar da na sani ba na iya ɗaga hannu. Wannan kuwa ba aji ba ne. In na yi magana, na ƙaryata ƙanen ubana a gaban baƙuwa, na kuma tona wa yayar ubana asiri. A gidanmu yarinya ko ruwa ta kawo wa manya suna zance, ajiyewa take ta fita.

Sati ya zagayo. Muka sake zama a ɗakin, kowa a kujerarsa. Likitar ta duba takardar gwajin jini, ta tambayi yatsu. Gwaggo ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi ta ce da sauƙi. Baffa ya ce lafiyarta ƙalau, har ya ƙara da cewa tana cin abinci kamar soja. Likitar ta ɗauki biro za ta sa hannu a kawo magani.

Abin da na iya shi ne na buɗe jakar da ke cinyata, na ciro hula ta biyu, na tashi na ajiye ta a kan takardar da za ta sa wa hannu. Hular rabinta ɗaya sumul take, kowane zare kwance kusa da ɗan'uwansa. Ɗaya rabin kuwa ɗinkin ya karkace, wani wuri ya yi tsalle, wani wuri zare ya cukurkuɗe, kamar na yarinyar da aka fara koya wa.

Likitar ta sa tabarau. Ta bi ɗinkin da yatsa daga farko zuwa inda ya lalace, ta tambaya wa ya yi. Na nuna Gwaggo. Ta ce tun yaushe. Na ce da Turanci, sati biyu. Ban san muryata za ta iya fita a ɗakin ba.

Ta ciro wani ɗan fil na takarda ta ajiye a tebur, ta roƙi Gwaggo ta ɗauka. Gwaggo ta kalle ni, wani kallo da har yau ban manta ba, ta fito da hannu. Ta gwada sau uku. Fil ɗin yana ta zamewa a ƙarƙashin yatsunta. Likitar ta ce yau ba za a sa magani ba, za a huta sati guda, in an dawo kuma za a rage.

Nan Baffa ya farka. Ya ce a rage kamar yaya, mu da muka tsallako ƙasashe. Ya yi ciniki da ita kamar yana kasuwar Kwari, ya ce to a rage kaɗan, ya ce to a sa na yau a rage na gaba. Ya ce ai ita da bakinta ta ce maganin ba ya zuwa ko'ina sai wajen ciwon. Ta ce ba ta taɓa faɗin haka ba. Ta juyo ta tambaye ni ko na ji ta faɗi haka. Na kalli ƙasa na girgiza kai.

Muka hau tasi muka koma masauki. Baffa ya kira babanmu ya ce an haɗa shi da yarinya mara kunya. Wannan bai dame ni ba kamar shirun Gwaggo. Kwana biyu in na ajiye abinci sai ta ci ba ta dube ni ba. A rana ta uku ina cuɗa mata baya ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Da ciwon kika faɗa mata da na haƙura. Amma ki ɗauki ɗinkina mara kyau ki nuna wa baƙuwa? Shekara arba'in ba wanda ya taɓa ganin irin wannan ya fita daga hannuna."

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba ta haƙura ba tukuna, in ci gaba da cuɗa.

Da muka koma asibiti, muna zama Gwaggo ta ce, "Sabi'u, je ka nemo mini ruwan sanyi." Ya ce ga ruwa a jaka. Ta ce na waje take so. Yana fita ta gyara zama irin na matan ɗakin jira, ta ce in matso da kujerata. Ta fara daga tafin ƙafa ta hau sama: inda ke zafi, inda ba ta ji sam, yatsun da suka fi mutuwa, ɗacin baki, abin da ke hana ta barci. Ina fassarawa, likitar tana rubutawa har ta juya takarda. Da Baffa ya dawo da ruwa ya tarar an gama. Ya tambaya me aka ce, Gwaggo ta ce an gaishe shi.

Sati goma muka yi. Hoto na ƙarshe ya nuna ƙullutun ya ragu sosai, likitar ta rubuta wa likitan Kano takarda, a nan gida aka yi mata aiki bayan mun dawo, kuma ta tashi. A hanyar dawowa ba wanda ya buɗe mana jaka, sai dai abayoyi biyu sun zo ba daidai da masu su ba, har yanzu ana maganar.

Ƙafafun Gwaggo sun dawo, yatsu uku na hannun dama ma sun dawo. Kan babban yatsa da manuni ne har yau kamar an naɗe su da tsumma. Likitar ta ce wataƙila su farfaɗo a hankali, wataƙila su tsaya haka. Ban tambaye ta abin da zai faru da na yi magana tun ranar farko ba, don ina ganin na san amsar. Gwaggo ta warware rabin hular nan ta sake shi, ya ɗauke ta wata guda, abin da da take yi a kwana biyar. Ya yi kyau. Ta ce bai kai ba.

Baffa kuwa yanzu shi ne masanin nano na unguwarmu. Jiya da la'asar yana zaure da baƙi, muna jiyo shi ta katanga, yana ba su labarin yadda ya lura da yatsun yayarsa tun da wuri, ya tsare likitar Misra ya ce lalle sai an rage magani. Na ɗago na kalli Gwaggo. Ta lashi bakin zare, ta auna ramin allura, ta kuskure, ta sake aunawa, ta kuskure.

Ta miƙo mini su duka biyun ta ce, "Bar shi ya ci kasuwarsa, Uwata. Sa mini."